Yadda Ake Rubuta Wasan Soyayya Mai Waƙe-waƙe: Littafin Wasa da Kundin Waƙoƙinsa

Wanda zai ɗora wasan soyayya mai waƙe-waƙe a kan dandamali, littafi biyu yake bukata kafin ya tara 'yan wasa. Na farko littafin wasa, inda labari yake da zantuka da bayanin shiga da fita. Na biyu kundin waƙoƙi, wanda mawaƙa da makaɗa za su riƙe. Yawancin masu fara wannan aiki sukan gama na farkon tsaf, sannan su garzaya wurin mai sitidiyo su ce ya yi musu waƙar soyayya guda shida a cusa. Abin da ke fitowa shi ne wasa mai tafiyar motar haya: a ɗan yi labari, a tsaya a yi waƙa, 'yan kallo su duba waya, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Littattafan nan biyu tare ake rubuta su, shafi da shafi.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya sha tatsuniya a gindin kaka ya san inda waƙa take faɗowa. Sai yarinya ta shiga uku, an kulle ta ko dodo ya tare hanya, magana ta ƙare mata, sannan ta ɗauki waƙa, kuma waƙar ce take sa a jiyo ta daga nesa ko ƙofa ta buɗu. In ka cire waƙar, tatsuniyar ta rushe. A ƙasar Yarbawa, Hubert Ogunde ya yi ta yawo da irin wannan wasa tun shekarun 1940. A Amurka kuwa, masu sana'ar sukan ambaci Oklahoma! na Richard Rodgers da Oscar Hammerstein, wanda aka fara nunawa a New York a 1943, a matsayin wasan da ya tabbatar da cewa waƙa aikinta ta ja labari gaba. Kakanninmu mata sun riga su sani, rubutawa ce kawai ba su yi ba.

Mataki na farko: nemo abin da ya hana su magana

Kafin ka rubuta ko ɗango ɗaya, amsa tambaya guda: me ya hana masoyan nan faɗin abin da ke ransu? In babu abin da ya hana, babu dalilin waƙa, sai su zauna a zaure su faɗa wa juna a tashi. A nan marubucin Hausa ya fi na wasu wurare sa'a, domin yana da kunya a hannu. Budurwa ba za ta dubi saurayi a gaban mutane ta ce tana sonsa ba. Saurayi ba zai ɗaga murya a gaban baffa ba. Abin da baki ya kasa furtawa shi ne abincin waƙa.

Bari in ƙirƙiro labarin da za mu yi aiki da shi har ƙarshe. Nura tela ne a kasuwa. Hajara yarinyar unguwarsu ce, ya daɗe yana ɗinka wa gidansu kaya, kowa a cikinsu ya san abin da ke ran ɗaya, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Kwatsam sai aka ba da ita ga ɗan baffanta Kabiru, malamin makaranta. Aka kawo lefe, aka ciro atamfofi aka aika wa Nura ya ɗinka kayan fitar biki. Shingen yana da ƙarfi ta kowace fuska: ga zumunci, ga maganar manya, ga kuma hukuncin da kowa ya sani cewa ba a neman aure cikin neman wani.

Ka lura ban mai da Kabiru mugu ba, ban kuma mai da shi tsohon attajiri mai mata uku ba. Wannan hanyar an bi ta har ta yi kwari. In abokin hamayya mugu ne, tun fitowa ta biyu 'yan kallo sun san ƙarshe, sai jiran lokaci. In kuwa mutumin kirki ne mai son yarinyar tsakani da Allah, to kowa a zauren zai zauna da damuwa, domin ko ta ina aka yanke sai wani mai gaskiya ya ji ciwo.

Ka rubuta labarin duka a shafi ɗaya, har da yadda zai ƙare. Kada ka ce ƙarshe zai zo da kansa. Waƙar farko tana bukatar sanin ta ƙarshe.

Mataki na biyu: raba fili tsakanin magana da waƙa

Ka yi lissafi tukuna. Wasan da ya kai minti 100 ya ishi 'yan kallonmu. In ka sa waƙa 12, kowace minti uku, ka cinye minti 36, saura wajen sa'a guda ta zance. Ka raba shi kashi biyu, kowane kashi da fitowa-fitowarsa kamar yadda littattafan wasan kwaikwayon Hausa suka saba. Kashi na farko ya ɗan fi tsawo. Ka kuma dubi lokacin salla tun a takarda: in za a fara bayan La'asar, ka auna yadda hutun tsakiya zai faɗa kan Magariba. In ba ka yi ba, mutane za su yi wa kansu hutu, kuma a tsakiyar waƙar da ka fi ji da ita za su miƙe.

Sai ka samo ƙananan takardu, kowace fitowa takarda ɗaya, ka baje a tabarma. A kan kowace ka rubuta abin da ya canja daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wadda canjinta ya fi zafi, nan waƙa za ta zauna. A labarinmu, kashi na farko zai iya tafiya haka. Buɗewa a layin teloli da safe, kekuna na ƙara, masu kaya na mita, a nan ake gabatar da gari da mutanensa cikin minti huɗu. Ta biyu Hajara ce ita kaɗai a tsakar gida, mu ji abin da take buri. Ta uku ita da Nura, ta huɗu matan unguwa wurin ganin lefe, ta biyar Nura da atamfa a hannu, ta shida Iya kakar Hajara tana yi wa teloli zambo kan saɓa alkawari, ta bakwai ta rufe kashin.

Waƙa ta uku ita ce tarkon da ya fi kama marubuta. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi ya rubuta "ina sonki, ina sonka". Ka danne shi. In sun furta a minti na ashirin, me ya rage na sauran minti tamanin? Ka sa su yi musu. Ta zo ƙorafin cewa ya gajarce mata hannun riga, shi yana cewa awon da aka aiko ne gajere, ita tana cewa ko teloli sun ƙare a kasuwa ba za ta ƙara kawo masa ɗinki ba, alhali wannan ne zuwanta na uku a mako. Bakinsu yana faɗa, kiɗan yana ƙaryata su. 'Yan kallo suna jin daɗin sanin abin da 'yan wasa ke ɓoyewa fiye da a faɗa musu.

Waƙar Iya kuwa ba ado ba ce. Bayan waƙa mai nauyi dole a ba mutane dariya su numfasa, kuma kaka ita ce mai lasisin faɗin abin da uwa ba za ta iya ba, saboda wasan jika da kaka. A cikin zambon nata ne za mu gane tsohuwar ta fara harbo jirgin.

Bikin Hausa kansa ya riga ya shirya maka filayen waƙar taro: ganin lefe, kamu, sa lalle, kai amarya, da sayen baki inda abokan ango da ƙawayen amarya suke ja-in-ja. Ka zaɓi biyu ko uku. In ka ɗauka duka, ka koma nuna al'adu, labari ya kwanta.

Gwajin kowace waƙa ɗaya ne. Ka ɗauke takardarta daga tabarma ka karanta sauran. In labarin ya tafi daidai ba tare da ita ba, to ba ta da aiki, ko da ta fi duka daɗi.

Mataki na uku: rubuta zancen da ke hawa zuwa waƙa

Wurin da magana ke komawa waƙa shi ne ɗinkin da ya fi saurin ɓarkewa. Ga yadda nake tsara shafin:

KASHI NA 1, FITOWA TA 5
Shagon Nura, bayan La'asar. Yana taka keke. Ummi, ƙanwar Hajara, ta shigo da ƙunshi a ka.

UMMI: Salamu alaikum. Yaya Nura, ga shi in ji Iya. Atamfa uku da leshi ɗaya. Ga kuma tsohuwar rigar Yaya Hajara, wai ka auna da ita.
NURA: Amin alaikumus salam. Ɗinkin salla tun yanzu?
UMMI: Wace salla? Daga lefe aka ciro. Saura sati uku.
NURA: (Ƙafarsa ta tsaya a kan keke.) Allah ya sanya alheri.
UMMI: Amin. Wai yaushe za a zo karɓa?
NURA: Ki ce wa Iya kwana bakwai.
(Ummi ta fita. Ya ɗauki tsohuwar rigar, ya shimfiɗa a tebur. Ya ci gaba da taka keke a hankali. WAƘA TA 5 ta shiga a kan ƙarar keken.)

Abu uku za ka lura da su. Nura bai ce komai game da zuciyarsa ba, "Allah ya sanya alheri" kawai ya ce, abin da kowane mai tarbiyya zai ce. Abin da ya haɗiye shi waƙa za ta amayar. In ka bari ya yi dogon jawabin baƙin ciki kafin waƙar, ka sa shi faɗin abu ɗaya sau biyu. Na biyu, akwai jimlar shiga, wato "Ki ce wa Iya kwana bakwai". Ita makaɗi yake jira. Ka ja mata layi a littafin wasa, ka kwafe ta harafi da harafi a kundin waƙoƙi, ka kuma gargaɗi ɗan wasa cewa ko'ina zai iya ɗan sauya lafazi ban da nan. Na uku, kiɗan bai faɗo daga sama ba, daga abin da ke kan dandamali ya taso. Keken ɗinki yana da kari, turmi da taɓarya suna da shi, haka tafin 'yan mata. In kunne ya riga ya kama kari kafin murya ta shiga, ba wanda zai ji an sauya hanya.

Sunayen masu magana da manyan baƙaƙe, bayanin motsi a cikin baka, baitocin waƙa a matsa su ciki yadda ido zai bambance su da zance tun daga nesa. Bayanin motsi kada ya yi yawa. Ka rubuta abin da labari ba zai tsaya ba sai da shi, sauran ka bar wa darakta.

Mataki na huɗu: baitocin

Nan aikin yake, nan kuma za mu daɗe.

Ka fara da abin da ke hannun mai waƙar. Tela da allura zai yi magana, ba da wata da taurari ba. Waƙoƙin soyayya na sitidiyo sun cika da zuciya da ruhi da hawaye da numfashi, kalmomin da kowa zai iya rera wa kowa. A dandamali, waƙar da za a iya cirewa daga bakin Nura a sa a bakin Kabiru ba tare da an canja kalma ba, ba ta kowa ba ce. Ga farkon ta biyar:

Allura bi sannu, daina gaggawa,
Ranar da kika gama, ranar rabuwa.
Kowa ya kawo ɗinki so yake a gama,
Ni ne telan da ba ya son gamawa.

Babu kalmar so ta soyayya a ciki, amma ba wanda zai kasa ganewa. Har akwai ɗan murmushi a ɗango na huɗu, tunda an san teloli da jan rai, ga wanda nasa jan ran yake da dalili.

Waƙa kuma ta yi tafiya. In ya fara da roƙon allura ta yi jinkiri, kada ya ƙare a nan. Baiti na biyu ya kai shi ga tunanin ɓata ɗinkin da gangan, na uku ya kai shi ga yanke shawarar zai yi mata ɗinkin da bai taɓa yi wa kowa ba, tunda shi ne kaɗai abin da aka bar masa ya ba ta. Mutumin da ya gama waƙar ba shi ne wanda ya fara ta ba. Amshi zai iya dawowa da kalmominsa, amma kowace dawowa ta tarar da ma'ana ta gusa.

Amsa-amo a Hausa arha ne, kuma arharsa ce haɗarinsa. Kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa, saboda haka "-wa" ko "-na" ko "-ya" za su ba ka ɗango ɗari ba gumi. Sai ka wayi gari amsa-amo ne ke jan ka, kana faɗin abin da ba ka yi niyya ba don kawai ya ƙare da "-wa". Dabara ita ce ka fara rubuta ɗangon ƙarshe na baiti, wanda ke ɗauke da dukan, sannan ka gina na samansa su zo su same shi. Ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ta fi dacewa da musu da raha, domin tana da sauri. Ƙwar huɗu ta fi ba mai waƙa shi kaɗai filin tunani. Ƙwar biyar tana da kwarjini amma tana da nauyi a dandamali, sai dai a bakin dattijo.

Sai nauyin gaɓa. Gaɓar Hausa ko dai mai sauƙi ce, baƙi da gajeren wasali kamar "bi", ko mai nauyi, wato mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda baƙi ya rufe, kamar "san" da "dai". Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido zai yaudare ka, sai kunne. Ka riƙa tafa hannu kana rerawa. Inda kiɗa ya ja sauti, gaɓa mai nauyi za ta zauna. In ka ja gajeren wasali don ya cike gurbi, kalma ta lalace, wani lokaci ta koma wata kalmar dabam.

Karin sauti shi ne na uku, kuma shi ya taɓa ba ni kunya. Hausa tana bambanta kalmomi da hawa da saukar murya. "Wuya" na jiki daga sama yake sauka, "wuya" ta wahala daga ƙasa take hawa. "Kuka" na hawaye a sama yake tsayawa, "kuka" ta miya saukowa take yi. Mun taɓa yin gwaji a wani zauren makaranta, jarumarmu tana rera ɗangon da ya ƙare da "ya bar ni da kuka", karin waƙar kuma ya gangaro a daidai gaɓar ƙarshe. Wani yaro daga baya ya ce, "Sai a nemo daddawa!" Zauren ya kece, yarinyar ta rufe fuska ta fice. Laifina ne, ba nata ba. Ba kowace gaɓa ce dole ta bi karin magana ba, mawaƙanmu ma sukan saɓa, amma kalmar da ke ɗauke da ma'anar ɗango, da wadda ke da abokiyar rikici, ka tabbata muryar waƙa ta bi muryar magana a kansu. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: ka faɗi ɗangon da baki kamar kana hira, ka rera shi, ka saurari inda suka rabu.

Yanzu ga makamin da ya fi kowane kaifi: maimaita kari da sabbin kalmomi. A ƙarshen kashi na farko an kawo wa Hajara rigar, ta yi kyau har ba a magana. Dare ya yi, ta ɗauko reza, ta fara warware ɗinkin hannun rigar don gobe a mayar wa tela. Ba ta ji waƙar Nura ba, amma mu mun ji, kuma da karinta za ta rera:

Ke reza bi sannu, daina gaggawa,
Abin da ya ɗinka ni nake warwarewa.

Na ƙara "ke" a gaba don "reza" gaɓa biyu ce, "allura" uku, gurbin kuma na gaɓa uku masu nauyi ne. Irin wannan ƙaramin gyara shi ne rabin aikin. Amfanin maimaicin kuwa, ya haɗa su ba tare da sun haɗu ba. Wannan yana warware wata matsalar ma: a wurinmu namiji da mace ba za su taɓa juna a dandamali ba, kuma bai kamata ka ɗauki hakan a matsayin tawaya ba. Ka raba dandamali da zana ko katanga, shi a shago, ita a ɗaki, kari ɗaya, kowa da kalmominsa. Taku uku da ke tsakaninsu ya fi riƙon hannu magana.

Ka tanadi babbar waƙa ɗaya dab da ƙarshe, ka ba wanda hukunci yake hannunsa. A labarinmu Kabiru ne. An mayar da riga sau uku, ya gane. Zai yi shiru a ɗaura, ko zai je gaban mahaifinsa? A cikin waƙar zai yanke, muna kallo.

Mataki na biyar: kiɗa da muryoyi

Ka zaɓi mai rerawa kafin ka tsayar da tsayin murya. A fim ɗan wasa baki yake motsawa, wani ya riga ya rera a sitidiyo, na'ura kuma ta gyara. A dandamali ba maɓoya. Waƙar da ta yi wa marubuci daidai a ɗakinsa tana iya fin ƙarfin yarinyar da za ta rera ta tana tafiya tana ninke kaya. Ka saukar ko ka ɗaga har ta zauna mata.

Ka ba kowane babban ɗan wasa kayan kiɗansa. Gurmi ko kukuma ga Nura, shantu da ƙwarya ga ɓangaren mata, sarewa ga Hajara in tana ita kaɗai, kalangu ga kasuwa da biki. Bayan fitowa biyu ko uku, da an ji kukuma za a tuna Nura ko ba ya nan. Fiyano na da amfaninsa wajen riƙe murya, amma in aka sake masa fuska sai ya mai da duk waƙoƙin iri ɗaya. Ni dai na fi son makaɗa a wurin da ransu a kan kiɗan da aka naɗa. Makaɗi yana jiran ɗan wasa in ya yi tuntuɓe, yana ja in dariya ta yi tsawo, kuma in janareta ya mutu shi bai mutu ba. A fili buɗaɗɗe irin dandalin wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da ƙasa, 'yan kallo kusa suke, murya da ƙwarya sun wadatar. A babban zaure sai an nemi makirfo, a kuma ja wa mai kalangu kunne kada ya binne kalmomi.

Mataki na shida: haɗa kundin waƙoƙi

Kowace waƙa ta fara a sabon shafi. A sama ka sa lambarta da sunanta, masu rerawa, shafin da take a littafin wasa, jimlar shiga, kayan kiɗa, wa zai fara tsakanin murya da kiɗa, da tsawonta a agogo. Sai baitoci, da sunan mai rera kowane ɗango a gefe, amshi kuma a rubuta shi cikakke duk inda ya dawo. Kada ka rubuta "amshi" kawai, mai juya shafi cikin duhu ba shi da lokacin komawa baya. Kalmomin rikici irin "wuya" ka sa musu alamar hawa ko sauka. Inda ake numfashi ka ja ɗan karan tsaye. In akwai zance a tsakiyar waƙa, ka rubuta shi a wurin, da bayanin cewa kiɗa ya yi ƙasa yana zagayawa har sai an faɗi kalma kaza. A ƙasan shafi ka sa yadda take ƙarewa, tsayawa cak don a tafa ko zarcewa cikin fitowa ta gaba, da jimlar farko da ke biye.

Kiɗan da ba shi da baiti shi ma yana da lamba: na buɗe labule, na sauya kayan dandamali, na gaisuwar ƙarshe. In yana bin waƙa ta 5, ka kira shi 5a, don kada lissafi ya rikice.

Yawancin makaɗanmu da kunne suke aiki, ba da rubutun kiɗa ba, saboda haka rabin kundin sauti ne. Kowace waƙa a naɗe ta sau uku a waya: murya zalla, murya da kiɗa, kiɗa zalla don gwaji a gida. Sunan kowane sauti ya fara da lambar waƙar. In kana da malamin kiɗa ko wani daga ƙungiyar mawaƙan coci, sun saba rubuta kari da do-re-mi, ka roƙe shi ya sa a ƙarƙashin baitoci. Waya tana ɓata, takarda tana zama.

Duk gyaran da aka yi, a yi shi a littafi biyun rana ɗaya, a sa kwanan wata a kan shafin. Rikicin da ya fi yawa a gwaji shi ne ɗan wasa yana riƙe da na makon jiya, makaɗi da na jiya.

Mataki na bakwai: karatun zaune

Kafin kowa ya haddace komai, ka tara 'yan wasa a da'ira su karanta daga farko zuwa ƙarshe, a rera waƙoƙi ko da tafi ne. Ka gayyato mutum biyar ko shida da ba su san labarin ba, cikinsu har da dattijuwa ɗaya, ita za ta gaya maka inda jarumarka ta yi rashin kunyar da ba za a yafe ba. Kai kada ka karanta komai. Ka zauna da agogo da fensir kana kallon fuskoki. Inda aka fara gyara zama ka sa alama. Bayan an gama kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ka ce su ba ka labarin, su kuma rera maka abin da suka riƙe. Waƙar da ba wanda ya tuna, ka sake dubanta. Sau da yawa baiti na uku ne ya kamata ya tafi.

Mataki na takwas: haƙƙi da hukuma

In mutum uku ne suka yi aikin, mai labari da mai baiti da mai kari, ku rubuta yarjejeniya tun ana dariya: sunan wa zai fito a ina, kason kowa nawa, wa ke da ikon ba da izini in wata ƙungiya ta nemi wasan ko wani ya so ya mai da waƙa ɗaya ta sitidiyo. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare rubutu da kiɗa da zarar an rubuta ko an naɗa, har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, kuma sayar da haƙƙi sai a rubuce. Ana iya yin rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa don samun shaida. A Nijar ofishin kare haƙƙin mallaka na ƙasar, wato BNDA, shi ke kula da wannan. Kada ka ɗauki karin waƙar Indiya ko na wani mawaƙin gida ka sa masa kalmominka, ko da kowa yana yi. Waƙoƙin gaɗa da na biki da aka gada kaka da kakanni za ka iya ɗora gini a kansu, amma ka rubuta a kundi cewa na gargajiya ne, da garin da ka jiyo su.

In a Kano za ka nuna, ka leƙa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, ka ji abin da ake bukata kafin ka buga takardar gayyata. Sauran jihohi kowace da tsarinta, ka tambaya tun da wuri.

Daga nan sai bugu. Kowane ɗan wasa littafin wasa ɗaya, kowane mawaƙi da makaɗi kundi ɗaya. Kwafi guda kuma a haɗa biyun wuri ɗaya, a buga a fuska ɗaya ta takarda a bar bayanta fari, a ba mai kula da dandamali. A farin shafin zai riƙa rubuta inda fitila ke sauya da inda zai ɗaga wa mai kukuma hannu. Da fensir zai rubuta, domin har daren farko ana gogewa.